Kurakuran da aka fi yi wajen kare hanta da ganyayyaki

Zogale, zoɓorodo, garin kuka da tafarnuwa suna ɗauke da sinadaran da masana ke kira antioksidan, waɗanda ke rage ɓarnar da guba ke yi wa ƙwayoyin hanta yayin da take tace jini. Amfanin nan gaskiya ne, amma yadda muke ɗaukarsa a Zamfara yana bukatar gyara.

Babban kuskure shi ne a zaci ganye zai wanke gubar da ba a daina ci ba. Gyaɗar da aka tsince aka ware, wadda ta motse, ta yi baƙi-baƙi, take ɗaci a baki, ita ce sau da yawa ake saye da araha a yi ƙuli-ƙuli. Irin wannan gyaɗa, da masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba, su ne matattarar fumfunar da ke fitar da gubar aflatoksin, mai jawo kansar hanta, musamman ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kashe wannan guba, kwaɗon zogale kuma ba ya goge ta. Gyaran shi ne a shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda har ya bushe ƙarau, a zubar da wanda ya lalace, kada ma a ba shanu, domin gubar tana bi ta nono. Ko a 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kwashe gurɓatacciyar ƙasa da maganin asibiti ne suka tsayar da mace-macen.

Wasu kuma suna ganin yawan sha shi ne yawan kariya. Akasarin binciken da ya nuna tasirin waɗannan ganyayyaki a kan ɓeraye aka yi shi, da awo ƙayyadadde, kuma jiƙo mai kauri da ba a san abin da aka haɗa a cikinsa ba yana iya raunata hantar da ake son karewa. A ci su a miya da kwaɗo ya fi aminci.

Abin da ya fi damuna shi ne shawara. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, sai a zauna gida ana ɗura wa mutum saiwoyi, ana ƙara masa farasitamol, alhali wuce giram 4 a rana yana lalata hantar babban mutum mai lafiya, balle wadda ta riga ta kamu. Mai waɗannan alamu a kai shi asibiti a gwada jininsa, a kuma faɗa wa likita duk jiƙon da ya sha.