Kada ku yi saurin sallamar tsofaffin 'yan wasanku

'Yan'uwa masu buga OOTP (Out of the Park Baseball, wasan kwamfuta na jagorantar ƙungiyar besbol), na lura da yawanmu da zarar ɗan wasa ya haura shekara 33 sai mu sayar da shi. Ku dakata tukuna.

Abin da tsufa ke fara ci shi ne gudu da zafin nama wajen tsaron fili. Idon gane ƙwallon da ya kamata a buga kuwa yakan daɗe bai dushe ba. Don haka idan ɗan tsaron tsakiyarka ya fara nauyi, mayar da shi tsaron tushe na farko, inda ba a buƙatar gudu sosai, ko ka bar shi ya riƙa bugu kawai ba tare da tsaro ba. Mai jifa da ƙarfin hannunsa ya ragu, ka rage masa zagaye, ya riƙa shigowa a ƙarshen wasa. Kwantiragi kuma shekara ɗaya ko biyu ya isa, kada ka ɗaure kanka da biyar.

Idan kun ga kowa na rugujewa da wuri, ku shiga saiti ku ɗan rage saurin tsufa ƙasa da 1.000 da wasan ya zo da shi, kaɗan dai. Ai a besbol na gaske mai jifa Jamie Moyer ya ci wasa a 2012 yana da shekara 49, Nolan Ryan kuma, shi ma mai jifa, sai da ya kai 46 kafin ya ajiye.