Masu son kallon zanen kwamfuta a Accra, ga shawara

'Yan uwa na Nima da Mamobi, ku riƙa leƙa shafin Instagram na gidan baje kolin zane Gallery 1957, da ke otal ɗin Kempinski tun 2016, da na Nubuke Foundation a East Legon. Ba kullum ake baje aikin bidiyo ba, don haka ku duba kafin ku ɓata kuɗin trotro. Bikin Chale Wote kuwa, na zane-zanen kan titi, sai watan Agusta. Mutanen Kumasi su bi sawun blaxTARLINES, ƙungiyar masu zane ta jami'ar KNUST.

Daren buɗe baje koli na gaisawa ne, surutu kan danne sautin aikin. Ku koma da rana a tsakiyar mako. Bidiyon yakan yi ta maimaita kansa, to ku tambayi mai tsaron ɗakin minti nawa ne, ku jira ya dawo farko.

Wajen ɗauka da waya, a kashe filasha, tana wanke hoton da majigi ke haskawa a bango. In layuka suna ta yawo a allon wayarku, saurin ƙyaftawar kyamara (shutter speed) ne bai dace da ƙyaftawar hasken ba. Ku mayar da shi 1/50 ko 1/60 na daƙiƙa, wanda ya kwantar da layukan. Gilashin VR kuma, wanda ake sawa a ido a ji kamar ana cikin hoton, in jiri ya fara, a cire nan take a zauna.