Yadda ake auna titin da aka gina da kuɗin masu tallafi a Ghana

Duk titin da Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka ko hukumar JICA ta Japan suka zuba wa kuɗi yana da takardar da aka rubuta tun kafin a kawo buldoza, kuma da ita ake auna shi. Bankunan biyu suna saka irin wannan takarda a intanet, da kuma rahoton kammala aiki. Kwamitin unguwa ko ɗan jarida ya fitar da abu huɗu daga ciki: tsawon titin, kuɗinsa, ranar gamawa, da yawan motocin da aka yi hasashen za su bi shi. Abin da ba a samu a can ba, a nema a rubuce daga hukumomin tituna na gwamnati, wato Ghana Highway Authority ko Department of Urban Roads, ƙarƙashin dokar samun bayanai ta 2019.

A kwatanta kuɗi da dala. Sidi, kuɗin Ghana, ya sha faɗuwa, saboda haka wanda ya yi lissafi da shi zai ga ƙarin da babu shi. Idan aiki ya makara, a tambayi dalili kafin a zagi ɗan kwangila. Sau da yawa kason gwamnati ne bai fito ba, wato diyyar masu gidaje da shaguna da kuɗin kawar da turakun kamfanin wutar lantarki na ECG da bututun ruwa, ga shi kuwa ɗan kwangila yana cajin kwanakin da injinansa suka zauna a banza.

Jikin titi ba a yi masa hukunci sai damina biyu sun wuce a kansa. A fita washegarin ruwan sama na watan Yuni. Duk inda ruwa ya kwana a kan kwalta, nan rami zai fara. A leƙa kwalbati da kwata, a ga ko yashi da leda sun toshe su, domin ruwan da ya shiga ƙarƙashin kwalta shi ke kashe titi. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita biyu a gicciye inda tayoyi ke bi, a auna zurfin kwarin da ke ƙarƙashinsa. Idan ya kai milimita 20 a titin da bai daɗe ba, akwai matsala babba. Tsagewar da ta yi kama da fatar kada tana nuna shimfiɗar ƙasa ce ta gaza, kuma faci ba zai yi maganinta ba.

Sauran gwaji na injiniya ne, amma ana iya neman sakamakonsa. Ƙarfin tsakuwar da ke ƙarƙashin kwalta, wanda ake kira CBR, yawanci ana so ya kai 80, na marmarar da ke ƙasanta kuma 30. Santsin titi ana auna shi da IRI, sabuwar kwalta mai kyau tana wajen 2. Ana kuma huda kwalta a ciro gunduwa don a ga ko kaurinta ya kai abin da aka biya. Lokaci yana da muhimmanci a nan: galibi wata 12 ne bayan miƙa aiki ɗan kwangila ke gyara ɓarna da kuɗinsa, kuma ana riƙe masa wani kaso har lokacin ya cika. A kai ƙorafi a rubuce, da hoto da kwanan wata, kafin wa'adin ya ƙare.

Sai amfanin da titin ya yi. A ƙirga motoci kwana bakwai a jere, a ware tirela da tirotiro, wato bas ɗin haya, da ƙananan motoci. A auna tsawon tafiya da ƙarfe bakwai na safe da biyar na yamma. Kuɗin tirotiro ba ma'auni ba ne, don ƙungiyar direbobin haya ta GPRTU da gwamnati ke tsayar da shi bisa farashin mai.

Nan rahotanni suka fi rauni, domin mota suke ƙirgawa, su manta da mai ƙafa. Titin N1 na Accra daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam, kilomita 14, wanda hukumar MCC ta Amurka ta biya aka buɗe a 2012, ya rage wa direba wahala. Amma mutanen unguwannin Lapaz da Fadama da ke bakin titin sun san abin da tsallaka layi shida yake nufi idan gadar ƙafa ta yi nisa. A nemi adadin haɗurra daga 'yan sandan kula da zirga-zirga na MTTD, na shekara uku kafin aiki da uku bayansa. A auna tazarar da ke tsakanin gadojin ƙafa, a duba ko tsohuwa ko mai ɗauke da kaya za ta iya hawansu, a tambayi masu shagunan da aka tasa ko an biya su, da yaushe.

Masu tallafi gini suke biya, gyara kuwa na asusun gyaran tituna na gwamnati ne, wanda harajin mai ke ciyarwa. A tambaya ko titin yana cikin kasafin gyara na bana, da ko sikelin auna manyan motoci yana aiki. Dokar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 ga aksil ɗaya, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, kuma idan nauyin da ke kan aksil ya ninka, ɓarnarsa kusan sau 16 take ninkawa. Titin da aka tsara wa shekara 20, in tirelolin da ke tasowa daga tashar Tema zuwa Burkina Faso suna binsa da lodin da ya wuce ƙa'ida, ba zai kai ba ko da ɗan kwangila bai rage ko tsakuwa ɗaya ba.