Yadda muke horar da 'yan sa-kai su iya riƙe ƙungiyar unguwa a Legas

Shekara 11 ke nan ina riƙe da littafin kuɗi na wata ƙaramar ƙungiyar taimakon marayu a Agege. A tsawon nan na ga ƙungiyoyi da dama sun mutu a tsaye. Sakatare zai tafi gida noma da damina, ko ya koma Kano gaba ɗaya, sai littafi da lambobin waya da sanin kan aiki duk su bi shi. Mu mazauna Kurmi kullum ƙafarmu ɗaya tana kan hanya. Saboda haka duk horon da za ku shirya, ku tabbata kowane aiki akwai mutum biyu da suka iya shi.

Kada ku yi shela a masallaci cewa mai so ya zo, don za a cika ranar farko a watse a mako na uku. Ku zaɓi mutum 10 zuwa 12 waɗanda kuka riga kuka ga ƙwazonsu a wurin jana'iza ko rabon abincin azumi. Ku sa mata a ciki, domin su ne ke shiga gidajen da mu maza ba ma shiga, su ne kuma suka san yaron da ya daina zuwa makaranta. Ku nemi matasan da aka haifa a nan, masu jin Yarbanci kamar bakin uwa. Waɗannan yaran dukiya ce da muka daɗe muna wasa da ita.

Mu Lahadi bayan la'asar muke zama, a ajin wata Islamiyya, mako takwas. Mahautan Oko-Oba sun gama aiki, 'yan gwarin Mile 12 ma sun sarara, hanya kuma ba cunkoso sosai.

Mako biyu na farko rubutun bayanan taro kawai muke koyarwa: wa ya zo, me aka yanke, wa aka ɗora wa, zuwa yaushe. Da boko ko da ajami, duk wanda mutum ya iya.

Daga nan sai kuɗi, kuma a nan nake so ku daɗe. Shekarun baya mun tara gudummawar marayu a asusun shugabanmu na kansa, dattijo mai amana wanda ba wanda ya taɓa zarginsa. Allah Ya yi masa rasuwa ba zato, kuɗin suka shiga cikin gado, kuma ba mu da takarda ko ɗaya da za mu nuna wa magada. Har yau abin yana ci mini rai, domin yara bakwai ne suka rasa kuɗin makaranta a wannan zangon. Tun daga lokacin, duk wanda muka horar sai ya riƙe littafi da hannunsa: shiga a hagu, fita a dama, kowace fita da rasit, ko da kuɗin ruwan leda ne. Asusu da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu kafin a ciri ko sisi. Ina ba su tarin rasit na gaske, na ɓoye kuskure ɗaya a ciki, ba a tashi sai sun gano shi.

Asusun ƙungiya kuwa ba ya samuwa sai da rajista. Ku koya musu hanyar: ana yin ta a CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da amintattu aƙalla biyu da kundin tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙi amincewa. Banki zai kuma nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Bayan haka akwai rahoton shekara da ake kai wa CAC, wanda yawancinmu muke mantawa da shi.

Mako na shida fita muke yi. Mu kai su gaisuwa fadar Sarkin Hausawa, mu kai su wurin Baale, mai unguwa na Yarbawa, da shugabannin ƙungiyar raya unguwa, wato CDA, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda ya ga rikicin Idi-Araba na 2002 ko na Mile 12 a 2016, tsakanin Hausawa da Yarbawa, ya san ranar tashin hankali ba ranar neman lambar wayar maƙwabci ba ce. A wannan makon ne kowa ke haddace 112 da 767, lambobin agajin gaggawa na jihar. Idan da hali, ku gayyato 'yan Red Cross su koyar da taimakon farko. Wanda ya fi zaƙaƙurci kuma ku tura shi ya nemi shirye-shiryen LEAP Africa, wadda aka kafa a 2002 don koyar da matasa shugabanci.

A mako na takwas, ɗaya daga cikinsu ne zai jagoranci taron wata na ƙungiya, wata ta rubuta bayani, wani ya karanta lissafi. Dattawa su zauna a baya su yi shiru, ko an yi kuskure, gyara sai an tashi. Wannan shi ne mafi wuya a gare mu manya. A bara wata yarinya 'yar shekara 22 ta tsayar da ni a gaban jama'a ta ce, "Baba, rasit ɗin buhun shinkafa na biyu fa?" Yana aljihun wata rigata a gida. Washegari da safe na kai mata, ta liƙa shi a littafi ta sa hannu.