Yadda ake ƙara tsawon hanyar yawon ƙafa a daji ta aikin gayya

1. Fara da neman izini. Wuri irin Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki da ke Legas, mai faɗin hekta 78 da aka kafa a 1990, yana da masu kula da shi. Ko reshe kada a sare sai da yardarsu.

2. Ku bi ma'aikacin gandun ya nuna inda hanyar za ta ratsa, kuna ɗaura ƙyalle a jikin itatuwa.

3. Tara 'yan gayya daga Agege ko Idi-Araba, kowa da adda da manjagara da takalmin roba. A yi sammako saboda cunkoson motoci.

4. A share faɗin da mutum biyu za su gifta. Nan ne na fi damuwa, domin ƙasar Lekki fadama ce, tana riƙe ruwa. Inda ƙafa ke nutsewa a shimfiɗa katako, kada a cike da ƙasa, ruwan ma hanyarsa yake nema. Shi ya sa gara a yi aikin da rani, kafin ruwan Yuni.

5. A kwashe leda da ragowar abinci, birai na nan suna jira.