Yadda Za Ka Harhaɗa Tarihin Kociyoyi da Kofunan Aberdeen Ba Tare da Kuskure Ba

Wanda zai rubuta tarihin masu horar da ƙungiyar Aberdeen ta Scotland, aikinsa ɗaya ne: ya ɗora kowane kofi a kan sunan kocin da ke riƙe da ƙungiyar ranar da aka ɗaga shi. Da ji kamar abu ne mai sauƙi, amma a nan ne jadawali da yawa ke karkacewa, domin kakar wasa ba ta tafiya daidai da shekarar kalanda, kuma sunayen gasannin ƙasar sun sha canzawa.

Fara da zana jadawali mai gida bakwai: sunan koci, watan da ya kama aiki, watan da ya bari, matsayinsa (cikakken koci ne, ko riƙon ƙwarya, ko haɗin gwiwa), yawan wasanni, sakamakon wasannin, sai kofuna. Ka rubuta wata da shekara. Shekara ita kaɗai ba ta wadatarwa, za ka ga dalili nan gaba.

An kafa Aberdeen a watan Afrilun 1903, bayan ƙungiyoyi uku na garin sun haɗe: tsohuwar Aberdeen, da Victoria United, da Orion. Saboda haka layinka na farko 1903 ne, kada ka janyo tarihin tsohuwar ƙungiyar ka cusa a ciki. Jimmy Philip ne kocin farko, ya riƙe har 1924, sai Paddy Travers har 1937. Dukansu biyu ba su ci babban kofi ba. Travers ya kai wasan ƙarshe na Kofin Scotland a 1937, Celtic ta doke su 2-1 a gaban 'yan kallo fiye da 146,000 a filin Hampden. Irin wannan sai ka ware masa gida na dabam mai suna "ta biyu", kada ya shiga lissafin kofuna.

Kafin ka ci gaba, ka tantance abin da za ka kira babban kofi. A cikin gida uku ne: gasar lig ta rukunin farko, da Kofin Scotland wanda aka fara a kakar 1873-74, da Kofin Lig wanda aka fara a 1946-47. Aberdeen na da lig 4, Kofin Scotland 8, Kofin Lig 6, sai kofunan Turai 2. Jimilla 20 ke nan. In ka gama aikinka ka haɗa abin da ke gaban sunan kowane koci bai ba ka 20 ba, to akwai inda ka yi tuntuɓe, sai ka koma baya.

Tarko na farko yana zamanin Dave Halliday. A 1946 Aberdeen ta doke Rangers 3-2 ta ɗauki Southern League Cup. Gasar lokacin yaƙi ce, ba ta cikin lissafin hukuma, ko da yake ita ce ta share fagen Kofin Lig na yanzu. Ka rubuta ta a ƙasan shafi tare da bayani, haka ma Drybrough Cup na 1971 da 1980. Babban kofin farko na ƙungiyar shi ne Kofin Scotland na 1947, da ta doke Hibernian 2-1, sai lig ɗin farko a kakar 1954-55. Waɗannan biyun na Halliday ne.

Tarko na biyu na nan kusa, kuma shi ya sa muka nace a kan rubuta wata. Aberdeen ta ci kofi biyu a cikin shekarar 1955, amma kociyoyi biyu ne suka ci su. Halliday ya ɗauki lig, ya tafi Leicester City bayan kammala kakar. Davie Shaw ne ya gaje shi, kuma shi ya ci Kofin Lig a watan Oktoban 1955 da aka doke St Mirren 2-1. Wanda ya rubuta "1955" kawai zai bai wa Halliday abin da ba nasa ba.

Asalin matsalar daga lokacin buga wasan ƙarshe na Kofin Lig take. Shekaru da dama ana buga shi tun farkon kaka, a Oktoba ko Nuwamba, a wasu shekarun kuma sai Maris. Kofin Scotland kuwa a ƙarshen kaka ake kammala shi. Don haka kofin kakar 1976-77, wanda Ally MacLeod ya ci a kan Celtic, an ɗaga shi ne a Nuwamban 1976, alhali na kakar 2013-14, wanda Derek McInnes ya ci a kan Inverness Caledonian Thistle, sai Maris ɗin 2014. Zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kai. Mafi aminci shi ne ka rubuta kaka, kamar 1976-77, sannan ka sa watan wasan ƙarshe a gefe.

Tsakanin Shaw da Alex Ferguson aikin ba wuya. Tommy Pearson (1959 zuwa 1965) bai ci babban kofi ba. Eddie Turnbull ya ci Kofin Scotland a 1970 da aka lallasa Celtic 3-1, ya koma Hibernian a 1971. Sai Jimmy Bonthrone, sai MacLeod wanda ya tafi horar da tawagar ƙasa a 1977, sai Billy McNeill da ya yi kaka ɗaya tak ya koma Celtic.

Layin Alex Ferguson, daga 1978 zuwa Nuwamban 1986, shi ne zai fi cin wuri, domin rabin kofunan ƙungiyar na nan. Lig 3: 1979-80, 1983-84, 1984-85. Kofin Scotland 4: 1982, 1983, 1984, 1986. Kofin Lig 1, a kakar 1985-86. Sai Cup Winners' Cup, ranar 11 ga Mayun 1983 a birnin Gothenburg, inda Eric Black ya fara zura ƙwallo, Juanito ya farke wa Real Madrid da fenariti, John Hewitt ya sa ta biyu da kai a ƙarin lokaci. Daga baya a shekarar suka kara da Hamburg ta Jamus gida da waje, suka yi canjaras 0-0 a waje suka ci 2-0 a gida, suka ɗauki Super Cup na Turai. Goma cif. Kada ka kira kofin Gothenburg da sunan Kofin Zakarun Turai ko Europa, gasa ce dabam ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu, kuma an daina ta a 1999. A ganinmu lig ɗin 1984-85 ya cancanci a ja masa layi a kowane jadawali, tunda shi ne ya rufe zamanin da Aberdeen da Dundee United suka tsaya wa Celtic da Rangers a maƙogwaro.

Idan za ka kwatanta maki, ka tuna cewa nasara maki biyu ce a Scotland har zuwa kakar 1994-95 da aka koma uku. Aberdeen ta gama 1984-85 da maki 59 a wasa 36: nasara 27, canjaras 5, rashin nasara 4. A lissafin yau maki 86 ke nan. Wanda ya ajiye 59 kusa da makin zamanin McInnes ba tare da ya juya shi ba ya zalunci Ferguson. Gara ka yi amfani da kason nasara: raba yawan nasara da yawan wasanni ka ninka da 100. A wannan kakar, 27 cikin 36 ya ba da kashi 75.

Sunayen rukuni ma na ruɗarwa. Daga 1975 rukunin sama ya zama Premier Division, sunan First Division ya koma na rukuni na biyu. A 1998 aka kafa SPL (Scottish Premier League) a matsayin rukunin sama, a 2013 kuma Premiership, inda Championship ta zama ta biyu. Ga Aberdeen wannan ba zai wahalar da kai ba, domin tun da ta hau rukunin sama a 1905 ba ta taɓa faɗuwa ba, amma za ka buƙace shi wajen rubuta tarihin inda kociyoyin suka fito.

Bayan Ferguson akwai wuri ɗaya da ke buƙatar natsuwa. Ian Porterfield ya tafi a 1988, aka naɗa Alex Smith da Jocky Scott su riƙe ƙungiyar tare. Su biyun suka ci Kofin Lig da Kofin Scotland a kakar 1989-90. Ka ba su layi ɗaya na haɗin gwiwa har 1991 da Scott ya tafi, sannan ka buɗe wa Smith wani layin shi kaɗai zuwa 1992. In ka rubuta kofunan a gaban kowannensu, jimillarka za ta haura zuwa 22. Willie Miller ya biyo baya ba kofi, Roy Aitken ya ci Kofin Lig a Nuwamban 1995 a kan Dundee, daga nan aka shiga fari har zuwa McInnes. Na baya-bayan nan shi ne Kofin Scotland na 2025 da Jimmy Thelin ya ci a kan Celtic.

Wasannin ƙarshe uku, na 1990 da 2014 da 2025, da bugun fenariti aka raba gardama: 9-8, 4-2, 4-3. A gidan sakamako canjaras za ka rubuta su, a gidan kofuna kuma ka sa kofin. Masu riƙon ƙwarya, irin su Neil Warnock a farkon 2024, ka ba su layinsu da wata alama, don kada wasanninsu su faɗa cikin lissafin wanda aka sallama ko wanda ya zo bayansu.