Kurakuran da ke jefa masu fassara a hannun 'yan damfarar imel

Aikin fassara ya shigo ƙauye. Malamin sakandare a Ringim, ɗalibin da ya gama Jami'ar Tarayya ta Dutse ya koma gida Gwaram, matar aure a Bichi mai digirin Hausa daga Jami'ar Bayero, kowa na iya karɓar aiki daga Turai yana zaune a zaurensu, in dai akwai sabis da caji. Ƙungiyoyin lafiya na neman mai juya musu takardu, kamfanonin manhaja na neman rubutun Hausa. 'Yan damfara ma sun ji ƙanshin abin. Suna bin shafukan da masu fassara ke ajiye sunayensu, irin su ProZ da TranslatorsCafe da LinkedIn, suna tsintar adireshin imel, su watsa saƙo iri ɗaya ga mutane da yawa su jira wanda zai amsa.

Wanda ke amsawa ba wawa ba ne. Sau da yawa mai ilimi ne da ya daɗe yana jiran aiki, kuma yana jin kunyar yi wa baƙo tambayar kuɗi. Wannan kunyar ce jarinsu.

Kuskuren farko shi ne karanta suna a bar adireshi. A waya, Gmail na nuna maka sunan da mai saƙon ya zaɓa wa kansa ne, kuma kowa na iya rubuta sunan babban kamfani a wurin. Ka danna sunan, adireshin zai fito. Idan wai kamfanin fassara ne na Landan amma adireshin ya ƙare da gmail.com ko outlook.com, ka dakata. Waɗanda suka fi wayo sukan sayi adireshi mai kama da na ainihi, su canza harafi ɗaya: su haɗa r da n su yi kamar m, ko su ƙara s a ƙarshe. A fuskar wayar da ta tsage, cikin rana, ba kowa zai lura ba. Akwai kuma dabarar da amsarka za ta tafi wani adireshin daban da wanda ya turo, don haka in ka danna wurin amsawa, ka sake duba inda saƙon zai nufa.

Gyaran ba shi da tsada. Kada ka bi mahaɗin da ke cikin saƙon. Ka nemo shafin kamfanin da kanka, ka rubuta musu ta adireshin da ke can ka ce wane ya tuntuɓe ni da sunanku, ma'aikacinku ne? Kamfanin Ingila za ka iya duba rajistarsa kyauta a shafin Companies House, na Najeriya a shafin CAC. ProZ na da sashen da ake kira Blue Board inda masu fassara ke bayyana yadda kamfani ya yi da su wajen biya. Ka tuna dai, ganin kamfani yana da kyakkyawar shaida bai nuna shi ne ya rubuto maka ba, domin sunan masu kirki ake ara.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne mayar da kuɗin da aka ce ya wuce. Ga yadda yake tafiya. Wani zai turo maka rubutu mai shafi goma sha, galibi abin da ya kwaso daga intanet ne. Ka faɗi farashi, ya amince nan take, ko tayi bai yi ba. Mutumin da ya taɓa sayen akuya a kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san mai sayen da bai taya ba, akwai abin da ya taka. Sai ya ce zai biya tun kafin ka fara. Kun yi da shi a kan dala 400, sai ga shaidar biyan dala 1,500. Daga nan saƙo ya biyo baya da ban haƙuri: akawunsa ne ya yi kuskure, ya haɗa da kuɗin mai buga littafin, don Allah ka cire naka ka tura sauran ga wane yau yau.

Babu kuɗin da ya shigo. Ko dai hoton rasit ne aka haɗa, ko alat ne na bogi da ya shigo ta tes, ko imel ne mai tambarin PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, amma ba daga PayPal ya fito ba, ko kuma cek ne na ƙasar waje wanda sai bayan makonni banki zai gano jabu ne ya janye kuɗin. Abin da ka tura kuwa na gaske ne, wataƙila kuɗin ridin da aka sayar ne ko bashin da ka ci wurin mai POS.

Tafintoci suna da nasu salon. Baƙo zai ce yana zuwa Kano taro, ko zai zaga ƙauyukan Haɗeja bincike, yana son tafinta na kwana biyar. Zai haɗo kuɗin direba da na masauki a cikin naka, kai za ka miƙa wa direban. Direban abokin cin mushensa ne, baƙon kuma ba zai taɓa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ba.

Ƙa'idar a nan guda ce: sai ka buɗe manhajar bankinka ko ka danna lambar USSD ka ga kuɗi zaune sannan an biya ka. Ko kuɗin ya shiga da gaske, kada ka tura wa mutum na uku. Ka ce su janye ta bankinsu su aiko daidai. Wani lokacin kuɗin sata ne aka bi da shi ta asusunka don a ɓatar da sawu, kuma ranar da mai shi ya kai ƙara, BVN ɗinka za a gani, asusunka za a rufe, kai za ka yi bayani.

Biyan kuɗi don a ba ka aiki damfara ce da ba ta buƙatar dogon bayani. Kuɗin rajista, kuɗin satifiket, kuɗin sakin albashi, ko a ce sai ka sayi Trados, manhajar da ke taimaka wa masu fassara, daga wani dillalinsu. Kamfanin gaske kan nemi ka iya aiki da irin wannan manhaja, amma ba ya tilasta maka saye a hannun ɗan'uwansa. Akwai ma wata manhajar irinta, OmegaT, wadda kyauta ce.

Gwajin kyauta kuwa al'ada ce a wannan sana'a, ba laifi ba ne. Sai dai gwaji kalma 200 ne zuwa 300. Idan aka turo maka babi guda, da wa'adin gobe da safe, to aiki ne aka yanka gunduwa-gunduwa aka raba wa masu nema. Ka ce za ka yi shafin farko, sauran sai da takardar odar aiki wadda ta nuna adadin kalmomi, farashi, ranar biya, da cikakken adireshin kamfani. Sabon mutum da ba kamfani ba, ka nemi rabin kuɗi kafin ka ɗora alƙalami. A ganina nan ne mutanenmu suka fi rauni. Tela ma yana karɓar kafin alƙalami, ba wanda ya ce ya yi rashin ta ido.

Sai maganar takardu. Akwai masu damfarar da ba kuɗinka suke so ba, sunanka suke so. Za su karɓi CV ɗinka, su goge imel ɗinka su sa nasu, su nemi aiki da shi. In sun samu, su zuba rubutun a Google Translate su miƙa, su karɓi kuɗi. Kamfanin ya rubuta sunanka cikin masu ɓata aiki, kai kana Kazaure ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Don haka ka riƙa tura CV a PDF, ka rubuta a samansa cewa da wannan adireshin kaɗai kake mu'amala, ka cire ranar haihuwa da sunan unguwa. Wanda bai ba ka aiki ba tukuna ba shi da hujjar neman hoton katin NIN ko fasfo ɗinka. BVN, lambar sirrin kati, da lambar nan da banki ke turowa ta tes don tabbatar da ciniki, babu mai ba da aikin da ke buƙatarsu ko da wasa.

Mu na karkara muna da wata ƙofar da na birni ba su cika damuwa da ita ba. Ka hau babur zuwa cikin gari don ka yi firintin, ka shiga imel ɗinka a kwamfutar shago, ka tashi ba ka fita ba. Ko ka bar waya a wurin mai caji babu makulli, ga layin da ke haɗe da bankinka a ciki. Ka sa wa wayar makulli, ka sa wa layin PIN, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗin, wato a nemi wata shaida, kamar lambar da ake turo maka a waya, bayan kalmar sirri. Fayil ɗin da aka ce shi ne aikin amma sunansa ya ƙare da exe ko apk, ko shafin da ya ce sai ka shigar da kalmar sirrin Gmail kafin ka ga takardar, ka bar shi.

Idan abin ya riga ya faru, kuskuren da ake ƙarawa shi ne yin shiru da goge saƙonni. Ka kira bankinka a ranar, domin in kuɗin bai fita daga asusun da ya shiga ba, ana iya riƙe shi. Ka adana imel ɗin, rasit, da lambar asusun. Ka kai ƙorafi ga EFCC, wadda ke da ofis a Kano, ko ga 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta shafi satar suna da irin wannan yaudara. Ka gaya wa abokan sana'a a guruf, ka sanar da kamfanin da aka ari sunansa. Bayan 'yan kwanaki wani zai iya rubuto maka cewa shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya na buɗe fayil. Su ne dai suka dawo.